Sista Hamida Da Hannun Daman Kawu Tamba

Kullum da safe Sista Hamida takan baro gidanta a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi tun rana ba ta yi zafi ba, ta shiga sashen gashin ƙashi na asibiti ta bubbuɗe tagogi, don ɗakin kan kwana da warin man zafi da na fitsari. Kafin ta gama, bencin waje ya cika. Masu shanyewar ɓarin jiki ne, daga Ambursa, daga Augie, daga ƙauyukan fadama. Wasu a bayan babur ake kawo su, an ɗaure su da rawani a jikin mai tuƙi don kada su zame. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su da sunayensu, ta goge wa wannan yawu, ta gyara wa waccan ɗankwali. Haka ta yi fiye da shekara talatin, a ƙarshen watan jiya kuma ta yi ritaya.

Na san ta ne ta dalilin kawuna Tamba, masunci a Argungu. Yana cikin jirgi yana jan taru ya yanke jiki ya kife, aka fito da shi baki a karkace, hannun dama yana reto. Hawan jini ne da bai taɓa sanin yana da shi ba. Ƙafa ta dawo, magana ma ta dawo da ɗan nauyi, amma hannu ya ƙi. Yatsun suka dunƙule, ko ɓamɓare su aka yi sai su koma.

Ciwon bai karya shi kamar yadda cin abinci ya karya shi ba. Mutumin da ya saba zama da maza a ƙofar gida a sa hannu a kwano ɗaya, ya koma ƙuryar ɗaki. Matarsa, Inna Kulsumi, ta ce in ta kai masa tuwo sai ya juya wa bango fuska.

"Ba ni ci da hagu mutane na kallo na," in ji shi. "Ba kuma ni son a ba ni a baki kamar jinjiri. Ku bar ni."

Ya rame har haƙarƙarinsa suka fito. An yi masa sakiya a kafaɗa, an yi hayaƙi, ba abin da ya canja. Da ƙyar na kai shi Birnin Kebbi.

A lokacin an kawo wa sashensu wata 'yar na'ura ta gwaji. Sista Hamida ta yi mana bayani da Hausa. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta biyo wuya har ƙirji da ciki, likitoci na ce mata begas, reshenta ɗaya yana cikin kunne. Ana maƙala na'urar a kunnen hagu, in majiyyaci ya yi ƙoƙarin motsa hannu, sai a danna maɓalli ta ɗan tsikari jijiyar, ko ƙwaƙwalwa za ta riƙe motsin ta sake koyonsa.

Kawu ya dube ta ya ce, "Likita, gaya mani gaskiya. Wanga hannu shina komawa jan taru?"

"Baba, ba ni yi maka ƙarya," ta ce. "Taru kam ban sa rai ba. Wasu ma mun sa masu na'urar ba su ga komi ba. Amma in ka daure, mu nemi loma."

Sai ya miƙa mata kunnen hagu.

Na ga aikin da idona. Takan ajiye ɗan ƙwallon roba a gabansa, ya yi ta yunƙuri jijiyoyin wuyansa na tashi, ita kuma idonta na kan yatsunsa, da sun ɗan girgiza ta danna. Su sake. Su kuma sakewa har gumi ya jiƙa masa riga. Watanni aka yi a haka. Ran da ransa ya ɓaci ya ture teburin da hagu, ya zage ta a gaban jama'a. Ta tsince kayan, ta ce a mai da shi gida ya huta. Da ya daina zuwa, ta hau mota ranar hutunta ta iske shi Argungu, ta zauna bakin ƙofar ɗakinsa ta ce ba ta tashi sai ya fito. Ya fito.

Ke ce, Sista, kika tsaya a inda 'yan uwa na jini suka gaji. Mai haƙurin zama da wanda ya fid da rai, ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunki ba. Mun ga babban yatsanki ya kumbura saboda danne-danne, kika naɗe shi da bandeji kika ci gaba.

Bayan girbin shinkafa, yatsu uku suka buɗe. Ranar wata Juma'a Kawu ya fito ƙofar gida ya zauna cikin maza. Hannun na rawa, rabin tuwon ya zube a kan rigarsa, amma ya kai loma baki da dama. Kowa ya sunkuyar da kai yana ci, sai ƙaninsa Bawa da ya tashi ya zaga bayan gida yana share ido.

Bai kai damina ba. Ciwon ya sake buge shi yana alwala, kwana biyu ya cika. Sista Hamida ta zo gaisuwa. Inna Kulsumi ta riƙe hannunta ta ce, "Kin sha wahala, ɗiyata, ga shi ya tahi."

"Inna, da yawa haka suka tahi," ta ce. "Wasu ma ba su kai inda ya kai ba."

Gaskiya ta faɗa. Cikin waɗanda na riƙa gani a bencin nan, wasu sun rasu, wasu danginsu sun daina kawo su, ban san inda suka ƙare ba. Na'urar guda ɗaya ce, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Sista ce take sallamar wanda na'urar ba ta yi wa ba, ta dube shi a ido ta gaya masa, washegari ta sake farawa da wani.

Yanzu ta bar aiki, na'urar tana asibiti. Duk da haka na ji mutane sun fara sallama a ƙofar gidanta da majiyyatansu, ba ta kuma mai da kowa ba. Da hannunta kawai take murza musu yatsu a kan tabarma.

Mun gode, Sista Hamida. Allah Ya saka miki, Ya ba yatsunki lafiya, Ya jiƙan Kawu Tamba. Ku kuma 'yan uwa, ku je a auna jininku tun kuna kan ƙafafunku. 'Ya'yanmu masu karatun lafiya, wasu su zaɓi wannan aiki ko da ba a yi masa tafi. In kuma akwai mai shanyewar jiki kwance a ƙuryar gidanku, kada ku bar shi da bango. Ku shiga yau ku ɗaga shi, ku kai shi inda za a duba shi, in ya zage ku gobe ku sake komawa.