Waƙar da Ba a Kira Hannu Wofi

Cikin shekara talatin da 'yan kai da na yi a aikin jin daɗin ma'aikata, akwai wata Asabar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na kusa korar kaina daga aiki da waƙa. A tsakiyar shekarun 1970 ne, cikin watan Disamba, a Kafanchan. Lokacin ina ƙaramin akawu a ofishin jin daɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, wata biyar da 'yan kwanaki da ɗaukata.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, sabon akawu yakan yi wata shida na gwaji. In sun cika, shugaban sashe ya sa hannu a takardar tabbatarwa, ka zama cikakken ma'aikaci. In bai sa ba, ka tattara naka-ya-naka ka koma inda ka fito. Ni kuwa inda na fito gona ce a ƙasar Jaba. Ga matata Rifkatu da tsohon ciki, ga ɗaki biyu na kwatas da aka ba mu albarkacin aikin. Shugabanmu Mista Yashim mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya zagi, ba ya kuma yabo, sai dai ya dube ka ta saman tabarau ka ji jikinka ya yi sanyi.

Kowace shekara ofishinmu yakan shirya wa 'yan fansho walima a kulob ɗin ƙananan ma'aikata. Tsarin ɗaya ne: jawabai, sai rabin awa na waƙa tare, sai abinci, sannan babban baƙo daga hedkwata ya raba barguna. Ta shekarar da ta gabata ta ƙare ba daɗi, don tsofaffin sun gaji da zama, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, baƙo ya tashi raba barguna ya tarar ba kowa sai bencuna. Saura mako biyu Mista Yashim ya kira ni ofishinsa.

"Bulus, an ce kana kwaya a coci. Waƙar bana taka ce. In tsofaffin nan suka tashi kafin abinci, kada ka kawo mini takardarka."

Na ce, "To, sa," na fito ina murmushi. Gani nake faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni ne mataimakin shugaban mawaƙa a cocinmu, na iya karanta do-re-mi, kuma a lokacin ina jin babu abin da ya shafi waƙa da zai gagare ni. Na yi shawara, ba zan ce ban yi ba. Na tambayi fastonmu, na tambayi tsohon hedimastana, mutum biyu da suka taso a irin bencin da na taso. Ban taka ƙofar ɗan fansho ko ɗaya ba, ga su kuwa birjik a bayan tasha.

Na zaɓi waƙa biyar. Biyu na coci, waɗanda na tabbata ko jariri ya sani, biyu na makaranta da ake yi a fareti. Ta biyar ita ce nake taƙama da ita. Tun ina yaro nakan ji leburorin layin dogo suna yin ta in sun zo gyara kusa da ƙauyenmu, mutum ɗaya ya bayar, saura su amsa. Na zauna na tuno ta, na rubuta mata do-re-mi, har na ƙara mata murya ta biyu don ta yi armashi. Na buga duka a tafireta, na gurza kofi sittin, na aro ogan ɗin coci irin wanda ake takawa da ƙafa, aka turo shi a amalanke.

Ranar walima, ƙarfe biyu na rana, zaure ya cika. Sai da na tsaya a gaba na dube su sosai sannan na gane akwai matsala. Ga mutanen Kagoro da Kaje da Jaba, ga Tibi, ga Inyamurai da Yarbawa da aiki ya kawo suka tsufa a garin, ga Hausawa da hulunansu da carbi. Kusan rabin zauren ba su taɓa zama a coci ba, mafi yawa kuma ba su taɓa shiga aji ba. Takardun da na raba, wasu sun riƙe su a kife, wasu suna fifita da su, wata tsohuwa ta naɗe goro a cikin tata.

Na taka ogan na tada ta farko. Mutum bakwai ko takwas suka bi ni, su ma na ɗauke ta sama da yawa, muryar tsufa ba ta kai can. Ta biyu ni da matar wani tsohon direba muka ƙarasa ta. A ta uku hira ta ɓarke a bencin baya, wani yana ba wani labarin ciwon gwiwa da ƙarfi, don dukansu kunne ya yi nauyi. Na hango mutum biyu sun ɗauki sandunansu sun nufi ƙofa. Na saci kallon Mista Yashim, yana zaune kusa da baƙo, ya zuba mini ido ta saman tabarau.

Sai na tsallake ta huɗu na faɗa wa ta biyar, wadda nake ganin ita za ta fisshe ni. Na bar ogan, na tsaya tsakiyar zaure, na buɗe murya na bayar kamar yadda na ji ana yi: "Ƙarfe ya kwanta!"

Abin da ya faru ban taɓa ganin irinsa ba. Hira ta yanke. Tsofaffi wajen ashirin suka sunkuya lokaci ɗaya, hannuwansu suka yi ƙasa suna neman abin kamawa. Wani ya damƙi gefen benci, wani ya ɗaga rabin jiki ya kafa ƙafa. Har waɗanda suka kai ƙofa suka waiwayo. Amma babu wanda ya amsa. Suka dubi hannuwansu, suka dubi juna, suka koma suka zauna a hankali kamar an kama su da laifi. Na sake bayarwa, wuri ya yi tsit. Na san na yi ɓarna, amma ban san wace iri ba.

Wani dattijo a benci na biyu ya miƙe. Baba Kazah ake kiransa, ya yi shekaru yana helma, wato shugaban ayarin leburorin da ke ɗaga ƙarfen dogo. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, wane ne ya ba ka wannan waƙa? Wannan ba na wasa ba ne. In an kira shi, ɗauka ne ake yi. Ina kayan?"

Ya ɗaga hannunsa na hagu, na ga yatsa uku ne a jiki. Ya gaya wa zaure, ko da yake ni kaɗai ne ban sani ba, cewa waƙar ita ce ke haɗa ƙarfin mutum ashirin ya zama ɗaya. A bayarwa ta farko a sunkuya, a ta biyu a kama, a ta uku a ɗaga. Yana saurayi wani ya kira ta da wasa, rabin ayari suka ɗaga, rabi ba su shirya ba, ƙarfe ya dawo a kan hannunsa. Tun daga nan duk ayarin da ke wannan layi suka yi doka: helma kaɗai ke bayarwa, kuma ba a kiran ta hannu wofi, ko a biki, ko a gidan giya. Wanda ya karya, ba mai sake tsayawa kusa da shi a aiki.

Kunya ta rufe ni. A raina na ga ɗakunan kwatas, na ga Rifkatu da kayanmu a bayan mota. Na durƙusa a gaban tsohon nan, gaban baƙo da kowa, na ce ya gafarce ni, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Ya ce in tashi, ba komai, ya juya zai ɗauki sandarsa. Na san in shi ya fita, zauren ne zai bi shi.

Daga durƙuson idona ya faɗa kan wani teburin maɗaci a ƙuryar zaure, dogo, mai kaurin gaske, tun na zamanin Turawa. Da safe masu dafa abinci sun so a fitar musu da shi gindin mangwaro, mu huɗu muka gwada ko gezau bai yi ba. Na ce, "Baba, in akwai kaya fa? Ga teburin can. Iyayenmu mata suna son sa a waje, mu kuwa ya fi ƙarfinmu."

Ya dubi tebur, ya dube ni. Ya taka ya je ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya ɗan taɓa ƙasansa, ya taɓe baki.

"Ku huɗu kun kasa wannan? Yaran yanzu, biro ya cinye ku."

Dariyar farko ke nan da aka yi a zauren ranar. Mista Yashim ya yunƙura zai hana, don tsoron kada bayan wani ya ƙage, amma Baba Kazah ya riga ya koma helma. Ya riƙa kiran mutane da sunayen aikinsu na da. Ya ware masu ciwon baya da na gwiwa ya ce aikinsu amshi. Ya zaɓi goma sha biyu ya jera su bisa tsawo, Malam Sule mai carbi kafaɗa da kafaɗa da Papa Okon dattijon coci, kamar yadda suka tsaya shekara da shekaru. Sannan ya nuna ni da sanda ya ce in cire kwat in kama ƙarshe, nan ne wurin sabon shiga.

Da ya bayar, ban gane muryar ba. Ba ta da daɗi irin na kwaya, a ƙasa take, a shaƙe, amma har cikin ƙirji ake jin ta. "Ƙarfe ya kwanta!" Zaure duka ya amsa, "Za mu tashe shi!" Har matan, don su ne suka riƙa kai abinci bakin layi, sun san ta kamar sunayen 'ya'yansu. A ta uku tebur ya tashi sama ya sauka a kafaɗu kamar faifai. Muka fita da shi taki ɗaya, Baba yana gaba yana jero tashoshi da gadojin da suka yi aiki, yana tsokanar wani fomanin da ya daɗe da mutuwa, ana amsawa ana dariya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ga Malam Sule yana amshi hawaye na bin gemunsa, bai kuma saki tebur ya share ba.

Da aka sauke, ba su tsaya ba. Wannan doka ta waƙar ɗauka ce kaɗai, ashe suna da wasu da yawa: ta tafiya bakin aiki, ta dama siminti, ta dawowa gida ranar Asabar. Ba a taɓa ogan ba, ba a duba takarda ba. Rabin awa ya zama awa ɗaya da wani abu, sai da masu abinci suka yi barazanar tuwo zai huce. Babu wanda ya tafi. Baƙo ya raba barguna har na ƙarshe, hannu da hannu. Ni dai na samu gindin mangwaro na zauna, ina ta ajiyar zuciya kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Ranar Litinin na kai takardata ina ɗari-ɗari, don ban manta ni na jawo abin kunyar ba. Mista Yashim bai ce komai a kan walima ba. Ya zagayo ya dafa kafaɗata ta dama, na yi ƙara, don gefen tebur ya saɓule mini fata.

"Da ciwo?"

"Da ciwo, sa."

"Madalla. Yanzu ka san waɗanda kake yi wa aiki."

Ya zauna ya sa hannu. Na fito ban san lokacin da na kai gida ba, Rifkatu ta karɓi takardar ta sa cikin Littafi Mai Tsarki.

Na shirya irin wannan walima fiye da sau ashirin bayan nan, ban sake zaɓar waƙa daga kan teburina ba. Ku da kuke shigowa aikin yanzu, in an ce ku nemo waƙar da tsofaffi za su yi tare, ku bar ofis ku je ku zauna a ƙofar gidajensu, ku sa murya ƙasa inda tasu za ta kai, ku nemi wanda suka saba ya bayar. Kada ku tsaya a tambayar wace waƙa suka sani. Ku tambaye su me hannunsu yake yi lokacin da suke yin ta, don wata waƙar da yatsu aka saye ta.