Dawar Kakanmu

Har yau in na ji an kaɗa gwangwani da tsakuwa a ciki, sai zuciyata ta koma gonarmu ta bayan Bunkure. Da irin wannan ƙara muke korar tsuntsu daga dawar kakanmu.

Dawa ce fara mai dogon kara, ba ta gaggawar nuna. A wurin mahaifinsa ya gaji irinta. Duk shekara sai ya zaɓi zangarniyoyi masu cika, ya ɗaure, ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai hana ƙwaro taɓa su. Ko yunwa ta kai ina, ba mai kai hannu wurin.

Da aka kawo mana ruwan noman rani, sai dawar ta zama matsala. Lokacin da ya kamata a shuka alkama, ita tana tsaye ba ta nuna ba. Maƙwabta duk suka bar ta, suka koma masara da shinkafa. Mahaifina ma ya matsa.

"Baba, dawar nan tana sa mu makara. Kowa ya shuka sai mu."

"To ka ɗauki gonar," in ji tsohon. "Ka bar mini 'yan kunyoyi a bakin hanyar ruwa."

Abin da ba mu hanga ba, da can tsuntsu rabuwa yake a gonakin gari. Yanzu dawa ta rage a wuri guda, sai duk suka taru a kanta. Wallahi kamar girgije suke sauka. Mu kaɗa gwangwani, mu yi ihu har murya ta dishe. Ƙarshe sai kakanmu ya yayyaga tsohuwar rigarsa, ya bi yana ɗaure zangarniyoyin da tsumma. Ɗan abin da ya tsira bai cika hannu biyu ba. Shi ya rataye.

Bai ga daminar ba. Ana tsakiyar zafin bazara Allah ya karɓi abinsa.

Gida ya cika da masu gaisuwa, matan maƙwabta suka karɓi girki kamar yadda aka saba, don masu gida ba sa cikin hayyacinsu. Ranar sadaka hatsin kunu ya gaza. Wata baiwar Allah ta ɗaga kai ta ga dawa a rataye. Ina za ta san akwai wanda har yanzu yake ajiye irin dawa? Ta sauke, aka sussuke, aka niƙa. Ni ma na sha, har na nemi ƙari. Sai da aka watse mahaifina ya shiga ɗakin, ya tarar da igiya kawai. Ya daɗe bai fito ba.

A ciwon mahaifina na ƙarshe shinkafa ta fita masa a rai, ya ce tuwon dawar gida yake so. Na zagaya kasuwar Bunkure da ta Kura, na kawo mafi farin da na samu. Ya kai loma guda, ya ture kwanon.

"Ba ita ba ce."

Yau a birni nake, aikina rubuta manhajar kwamfuta. Komai ƙanƙantar abin da na rubuta, sai na ajiye kwafinsa a wurare daban-daban, abokan aiki har tsokanata suke yi wai tsoro ya yi mini yawa. Ba na musu. Su ba su taɓa shanye abin da babu irinsa a ko'ina ba.