Ragon Suna a Bakin Iyakar Kuala Lumpur

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Danau Kota a Kuala Lumpur, ni da abokina da matarsa ta haihu, za mu ɗauko ragon suna. Lokacin dokar kulle ne, duk wanda ya bar Kuala Lumpur ya shiga jihar Selangor ba izini tara ce mai nauyi. Shi kuma ɗalibi ne, bizarsa yake ji wa tsoro. Titi wayam, sai wani shagon abinci irin wanda suke kira mamak, da muka sayi gurasar roti a tsaye, don an hana zama.

Da benaye suka ƙare muka fara ganin ayaba da gidajen katako, sai na ɗauka mun tsallaka Selangor. A Kano in ka ga gona, ka bar gari ke nan. Da muka isa garken da za mu sayi ragon, muka faɗa wa tsohon mai shi tsoronmu, ya yi mana dariya ta cikin takunkumi. Ya ce tun unguwar tana fadamar shinkafa kakansa ke biyan kuɗin ƙasar gonar nan, kuma har yau ofishin birnin Kuala Lumpur yake kai nasa. Ya nuna rafin bayan garken ya ce shi ne iyaka. Mu dai hankalinmu na kan ciniki, don kuɗin ragon a Wudil ya isa biyu, ga shi kamar ya sha azumi.

Da za mu koma, muka hango dogayen benaye a ƙetaren rafin, muka ce ai can ne gari, muka haye gada. Sai ga shingen 'yan sanda. Abokina ya tsayar da mota. Wani ɗan sanda ya karɓi fasfonsa, ya tambaya ko mun san a Selangor muke. Daidai nan rago ya saki kuka daga baya. Abokina ya haɗa Turanci da guntun Malayanci ya ce haihuwa aka yi masa, gobe suna. Mutumin ya daɗe yana juya fasfon.

"Ku juya," in ji shi. "Wajen garken can ne birni."

Mun iso gida da hantsi, maijego na ta kiran waya. Washegari aka yanka rago, yarinya ta ci sunanta, uban yana nan da bizarsa. Tun ranar na daina gane gari da tsawon bene, sai na tambayi inda mai gona ke kai kuɗin ƙasarsa.