Mai Baro da Fararen Duwatsunsa

Tun rana ba ta gama fitowa ba za ka ji kukan tayar baronsa a bakin tafki, ƙiii ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana kwashe sharar da mutanen birni ke zubarwa a gaɓa, ledoji da kwalabe da yagaggun komaye. Kowa Mai Baro yake ce masa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce ko ban taɓa zama a aji ba, sai na faɗi nawa.

Ni ɗin nan da kuke gani, sau uku kwalekwale yana kifewa da ni, sau uku ina fitowa da ƙafata. Wani kada ya taɓa cafkar cinyata, shi ya ji jiki. To, abin da ruwa ya kasa, hawan jini ya yi. Ɓarin jikina na hagu ya shanye, aka ɗora ni a keken guragu. Wata rana na lallaɓa zan gangara inda na saba jefa ƙugiya, na ƙare a cikin laka, keken a kaina. 'Yata ta ɗauke sandar fatsata ta kulle a ɗakinta.

"Baba, kai da kamun kifi sai a mafarki," in ji ta. "Sai dai in akwai inda zan tura ka har bakin ruwa ba gangara."

Na kai kukana wurin Mai Baro. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsoho, buhu nawa ne nauyinka?"

Na ce, "Hatsi ne ni?"

Ashe da gaske yake. Ya cika buhu biyu da yashi ya ɗora a baro, kullum in ya gama shara sai ya bi gaɓa yana turawa. Inda taya ta nutse, ya wuce. Inda ta kai bakin ruwa lafiya, ya tsaya ya ga ko tsuntsaye na surar kifi a wurin. In duka biyun sun haɗu, ya kafa dutse ya shafa masa farin fenti. Mai shayin bakin gada shaida ne, a gabansa baron ya kife da shi har laka ta haɗiye takalminsa ɗaya.

Sati uku, dutse huɗu. Na ce masa, "Kifin kirki ba ya zama inda gurgu ke isa."

Ya ce, "To zo ka ƙaryata ni."

'Yata ta tura ni zuwa dutsen bayan gidan famfo, hanya shimfiɗe kamar tabarma, ga inuwa. Ta taka ƙasar, ta sake takawa, ta koma gida ta ɗauko fatsar. Kafin rana ta take na jawo tarwaɗa da hannu ɗaya, kaurinta kamar cinyata. Mai Baro ya ce kamar damtsen jariri, amma a yi masa uzuri, idonsa ya fara tsufa.

Kai ne ka mayar mini da tafkina, Mai Baro, jaki mai ɗaukar kayan da ba nasa ba. Yau mu bakwai ke zama a duwatsunka, masu sanda da masu keke. Allah ya saka maka da alheri. Wanda zai gaji baron nan, ka ji: in damina ta ci gaɓa, cika buhu ka sake gwadawa, kada ka yarda da ido.

Kai kuwa Mai Baro, ranar da ka ajiye baro ka same ni a bayan gidan famfo in koya maka fatsa. Shekara talatin da ɗaya a bakin ruwa, ko kifin karfasa ba ka taɓa kamawa ba.