Ranar da Na Wasa Takalmin Nafisa

Shekara biyar ke nan cif, a wannan watan na tsananin sanyi, da muka rufe Yaya Ramatu. Masu bin wannan shafi sun saba in cika musu kunne da dambe da ƙwallon ƙafa, wa ya ci, wa ya sha kashi, wane koci ya kamata a kora. Yau ku yi mini haƙuri. Maganar wasa ce dai, amma wasan zamiya a kan ƙanƙara, kuma laifin da zan tona nawa ne.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Shagon namana yana Morris Heights a Bronx, rubutun nan kuwa sai na wanke hannu nake zama in yi shi. Yaya Ramatu ita nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta yi ta faɗi-tashi har na samu na zo ƙasar nan. Aikinta jinyar tsofaffi a gidajensu. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ba ruwanta da wasanni ko kaɗan. In ta tarar da mu muna ihu a gaban talabijin sai ta ce, “Ƙattin banza, wasu na gudu ku kuna fasa maƙogwaro.”

Wannan matar ce Allah ya jarraba da ’yar wasa. Nafisa, ’yarta tilo, tana shekara tara makarantarsu ta kai su filin ƙanƙara a Harlem. Yarinya ta dawo ba ta da zance sai na takalmin nan mai ƙarfe a ƙasa. Ubanta, Alhaji Sani, direban tasi ne, mutumin kirki amma kaifi ɗaya. Ya ce atafau ’yarsa ba za ta yi ta juyi a gaban mutane ba. Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kan kekenta ta ɗinka wa Nafisa riga mai dogon hannu da wando har idon sawu, ta shimfiɗa su a gabansa, ta yi ta lallaɓa shi wata da watanni. Da ya gaji sai ya ce, “Na ji. Amma ranar da ta ji ciwo, an gama, kuma ke za ki ɗauka.” Yaya ta ce ta yarda.

Shekara huɗu ana abu ɗaya. Kowace Asabar su kama jirgin ƙasa mai lamba huɗu zuwa titi na 125, su ƙarasa da ƙafa, Yaya da fulas ɗin shayi da bargo, ta zauna a benci tana rawar ɗari tana jan carbi. Har ta rasu ba ta san sunan tsalle ko ɗaya ba. Ita dai in Nafisa ta tashi sama sai ta runtse ido, in ta ji tafi ta buɗe.

Nafisa na shekara goma sha uku aka zaɓe ta za ta shiga wata gasa ta yara, mafi girma da ta taɓa zuwa. Ana gobe gasar, Juma’a ce, Yaya ta biyo ta shagona tana sauri, tsohuwar da take jinya ba lafiya. Ta ajiye jakar takalman a kan tebur ta ce, “Isa, ka taimake ni. Akwai mai wasa su a bakin filin, ka kai masa in an sauko daga masallaci.” Na ce, “An gama, Yaya.”

Da ta fita na ciro takalmi ɗaya na shafa ƙarfen da babban yatsa. Haba! Wannan ne za a ce sai an tsallaka Harlem an ba wani? Ni da tun ina ɗan shekara bakwai nake wasa wuƙa a gaban babanmu? Na lura ƙarfen yana da ɗan kwari a tsakiya, tun daga gaba har baya, kamar indararo, na ce ka ga aikin ragwaye, ko daidaita shi ba su yi ba. Na ɗauko dutsena, na yayyafa ruwa, na zauna na cinye kwarin nan tas, na fitar da baki ɗaya siriri irin na wuƙar fiɗa. Na gwada a gashin hannuna, ya aske. Don kada ya yi tsatsa har ɗan kitse na goga masa. Wallahi da alfahari na yi aikin nan. Ban san cewa wannan kwarin shi ne takalmin ba. Baki biyu ne da shi, na ciki da na waje, da su mai zamiya yake kama ƙanƙara in zai juya ko zai dira.

Da yamma Yaya ta zo karɓa ta ce, “Ka kai?” Na ce, “Na kai.” Ƙarya ta farko ke nan. Na so ne sai Nafisa ta ci gasa sannan in bugi ƙirji.

Ina wurin washegari, a bayan Yaya. An makara, Nafisa ba ta samu ta gwada sosai ba. Ta ɗan zagaya sai ta dawo bakin katanga, fuska duk ta canza, ta ce wa uwarta da Turanci takalmin ba daidai yake ba. Yaya ta ce, “Tsoro ne, uwata. Yi bismilla ki tafi.” Ni kuwa na ji da kunnena, na kau da kai. A tsallen farko ƙafarta ta zame gefe, Nafisa ta faɗi a kan ƙafar. Ƙarar da ta yi har yau in na ɗora wuƙa a dutse ina jin ta. Idon sawu ya karye wuri biyu.

A barandar asibiti Alhaji Sani ya iso, jama’a cike, abokan aikinsa da matan unguwa. Ya nuna Yaya da yatsa ya ce, “Ke kika karya ta.” Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, “Ni ce, Alhaji.” Ina tsaye, taku uku ne tsakaninmu. Ni da bakina ba ya mutuwa a kan alƙalin wasan da ban taɓa gani ba, ranar na rasa kalma ɗaya. Daga nan aka rufe zancen ƙanƙara a gidan. Mata suka yi ta yamiɗiɗi a wuraren suna da biki, wai ta so ta mayar da ’yarta Baturiya ta nakasa ta. Shekara biyu tana shan wannan, sannan hawan jini ya kwantar da ita, Allah ya yi mata cikawa. Kuma duk tsawon lokacin nan ba Lahadin da ba ta aiko mini da tuwo ba.

Wannan makon ana nuna babbar gasar ƙanƙara ta ƙasashe, talabijin ɗin shagona a kunne. Nakan kalli ’yan matan nan, har da baƙaƙe irin namu, in ce da Yaya na nan me za ta ce? Na san dai ido za ta runtse. Amma da ta ga Nafisa yanzu, shekara ashirin, tana jami’a, kowace Asabar tana koya wa ƙananan yara tsayuwa a wannan filin dai, har da ’ya’yan wasu daga cikin matan da suka zage ta, da ta yi dariyar nan tata ta rufe baki da mayafi. Nafisa ba ta tsalle yanzu, ƙafar ba ta yarda.

Shekaranjiya ta shigo sayen nama, muka tsaya muna kallo tare. Mai sharhi yana ta bayanin bakin ƙarfe na ciki da na waje, ni kuwa zuciyata ta kasa ɗauka. Na ajiye wuƙa na gaya mata komai. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce da Hausarta mai tsami, “Kawu, na sani. Mama ma ta sani.” Ashe tun a asibiti koci ya nuna wa Yaya ƙarfen, ta kai shi hanci ta ji ƙarnin kitse. Ta ce wa Nafisa, “Kada babanki ya ji. In ya ji, ƙanena ba zai sake taka gidan nan ba, kuma ba shi da kowa a ƙasar nan sai ni.”

Innalillahi. Ni ina ganin na ɓoye mata, ashe ita ce take ɓoye ni. Lokacin da ta ce “Ni ce, Alhaji,” ta san wanda yake tsaye a bayanta.

Abin da ta bari ke nan: ’yar da ba ta riƙe kowa a zuci ba, da ƙanen da ta rufa wa asiri har kabari. Na san da tana nan da ta ja kunnena a kan wannan rubutun. Ki yafe mini, Yaya, wannan karon ba zan bi maganarki ba, don sunanki ya daɗe yana ɗauke da kayana. Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki.

Alhaji, na san kana karanta shafin nan kowane mako in kana jiran fasinja. Ba Ramatu ce ta karya ’yarka ba. Ni ne, da dutsena. Ina shago har magariba.