Kafinta da Tashin Auta

A layin da ke bayan makarantar sakandare akwai wani kafinta da ba a samunsa a shago bayan la'asar. Ko ƙofar gidanka ce ta ɓalle, da ƙarfe huɗu ya yi zai kakkaɓe garin katako daga rigarsa, ya rataye zarto, ya ɗauki wasu katakai biyu masu faɗin tafin hannu, ya nufi filin makaranta. Koci 'yan unguwa suke ce masa, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

Da ƙuruciyarsa ya yi gudun mita ɗari. Waɗanda suka gan shi sun ce in ya miƙe babu mai kamo shi, sai dai kafin ya miƙe ɗin mutane sun yi nisa. Nauyin tashi gare shi. Za a harba bindigar fara gudu kowa ya fice, shi kuwa sai ka ce jira yake a kira shi da suna. Sau uku ya je zaɓen 'yan wasa, sau uku yana zuwa na huɗu. Daga nan ya koma shagon mahaifinsa ya riƙe guduma, amma abin bai bar ransa ba. Har ya yi furfura, in ana hirar gudu sai ya ce, "Ƙafa kowa yana da ita. Kunne ne ba kowa ba."

Kayan horonsa duk shi ya ƙera su. Akwai akwatuna uku, wani ya fi wani tsayi, da ake tsalle a hau da ƙafa biyu a dira ba ƙara, don cinya ta yi ƙarfi. Akwai tsohuwar taya da ake ɗaura wa mutum a ƙugu ya ja ta mita ashirin. Akwai rular aikinsa da yake saki tsakanin yatsun mai koyo, in ta wuce inci shida kafin a cafke sai a sake. Sai kuma katakan nan biyu, waɗanda ke tsayawa a madadin bindiga. Masu gudu za su durƙusa a layi, shi yana bayansu, ya ce "Kan layi", ya ce "Shirya", sannan ya haɗa katakan, ƙau!

Da yawa sun zo sun gaji sun tafi. Wadda ta tsaya ita ce 'yarsa ta ƙarshe, Auta. Tun tana shekara goma sha uku take jan tayar nan, yanzu ga ta da goma sha bakwai, doguwa, marar yawan magana. A wajen tashi kuwa, kafinta bai taɓa ganin irinta ba. Ƙarar katako da ficewarta tare suke faruwa. In ya koma gida yakan ce wa matarsa, "Maman Auta, yarinyar nan kunnenta ba irin nawa ba ne." Ita kuma ta ce, "Alhamdu lillahi."

A shekarar aka sa ranar zaɓen 'yan mata da za a ɗauka makarantar horar da 'yan wasa. Biyu kawai za a ɗauka a mita ɗari, kuma wadda ta cika goma sha takwas ba ta shiga. Auta ba ta da wata shekarar bayan wannan. Dokar tashi ma ba ta da sassauci: wadda ta motsa kafin bindiga, za a sake harbi na biyu a tsayar da gudun, a fitar da ita.

Saura mako uku, malamin wasanni na makarantar ya shirya ɗan gwaji da bindiga ta gaske. Aka harba, 'yan mata biyar suka fice, Auta na durƙushe. Ba ta daɗe ba, amma a mita ɗari ƙiftawar ido ma dogon lokaci ne. Ta zo ta huɗu. Kafinta ya san wannan lambar.

"Me kika tsaya jira?" ya tambaye ta.

"Ban sani ba, Baba. Ji na yi kamar lokaci bai yi ba."

Washegari malamin wasanni ya zo filin ya ɗauki horonsu a waya. Ya kalla, ya maimaita, ya rage saurin hoton, sannan ya kira kafinta gefe.

"Koci, duba nan. Ƙafarta ta bar ƙasa, katakanka ba su haɗu ba tukuna."

"Ba zai yiwu ba."

"To saurara."

Malamin ya ƙara muryar wayar. Bayan "Shirya" aka yi shiru, sai aka ji wani ɗan sauti, fiit, sannan ƙau. Sau shida aka tashi a bidiyon, sau shida ana jin fiit ɗin.

"Wane ne wannan?" in ji kafinta.

"Hancinka ne, Koci."

Kafinta ya tafi gida da fushi, ya kai ƙara wurin matarsa, yana zaton za ta goyi bayansa. Tana ninke wanki ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Auta, yau ka sani? Shekara ashirin da shida ko ƙusa za ka buga sai ka ja hanci. Daga ɗaki nake sanin guduma za ta sauka."

Garin katako ne ya sabar masa da hakan tun yana yaro a shago. Shekara huɗu ke nan Auta tana tashi da jan hancin ubanta, ita ba ta sani ba, shi bai sani ba. Kunnen da yake alfahari da shi, shi da kansa ya lalata shi. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, don bai ga yadda za a warware aikin shekara huɗu a kwana ashirin ba.

Ya fara da ƙoƙarin gyara kansa. Ya riƙe numfashi, sai kafaɗarsa ta ɗaga, Auta ta hango inuwarsa ta fice. Ya ɗaure hanci da hankici, 'yan kallo suka yi ta dariya, fiit ɗin kuma ya fito ta baki. Kwana uku suka tafi a haka. A na huɗu ya tsaya a ƙofar kicin da katakan a hannu, ya kira matarsa.

"Ki zo ki buga mata."

"Ni? Me na sani a gudu?"

"Shi ya sa. Ba ki da tsari, ba za ta iya karanta ki ba."

"Yabo ne wannan ko zagi?" in ji ta, amma ta ɗauki mayafi.

Maman Auta ta zama bala'i a filin nan. Wani lokaci ta buga tun "Shirya" bai gama fita bakinta ba, wani lokaci ta tsaya gyaran ɗankwali har Auta ta gaji da durƙuso. Makon farko Auta ta yi ta tashi kafin ƙara ko bayanta, ta yi kuka sau biyu. Kafinta yana can ƙarshen fili da agogo a hannu, inda aka kore shi. A mako na biyu ta daina zato, ta koma sauraro. Tashinta bai kai na da kyau ba, amma na gaskiya ne.

Ranar zaɓe filin wasa ya cika. Da aka kira 'yan mita ɗari, kafinta ya ji hancinsa yana ƙaiƙayi. Tsakaninsa da layin tashi ya fi mita sittin, ga hayaniyar jama'a, babu yadda za a yi ta ji shi. Ya san da haka. Duk da haka ya miƙe, ya ratsa mutane, ya fita ta ƙofar baya, ya tsaya jikin katanga wajen masu ajiye babura.

Daga nan ya ji harbi. Ya tsaya cak yana jiran na biyu. Ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, bai zo ba, sai ihun mutane da ya yi ta hawa har ya fashe.

Can sai ga Auta ta fito tana haki, takalma a hannu, uwarta na biye da ita.

"Baba, ta biyu na zo! Sun ɗauke ni! Ka ga tashina?"

Shekara talatin yana jiran ya ga tashi irin wannan. Ya dube ta, ya ga ba zai iya yi mata ƙarya ba.

"Ban gani ba, Auta. Ina nan waje."

Ta kalle shi, murnar fuskarta ta ragu. Sai ta ajiye takalman a ƙasa.

"To matsa baya," ta ce. "Mama, zo ki tafa mini."

Ta durƙusa a kan tsakuwa, tsakanin babura, ta sunkuyar da kai tana jira.