Inuwar kaina a kan faifan goro

Mu huɗu ne a ɗakin ran nan: ni, da babban ɗana direba, da matarsa, da ƙanwata da aka kirawo daga unguwar Zogona don ta taya su yi mini magana. Tun da na ga ta zo ba biki ba rasuwa, na san an ƙulla wani abu.

Ba mu daɗe da tarewa ba bayan an rushe mana tsohon Zango. A sabon gidan ɗana ya sa aka liƙa doguwar farar fitila can ƙoƙuwar bangon yamma, wai neyon. Ɗaki ya yi fes kamar asibiti. Ni kuwa aikina tsintar goro ne bayan magariba. Nakan zauna fuskata gabas kamar yadda na tashi na ga uwata na yi, in juya kowane ɗaya, in fid da mai tsutsa kafin ya ɓata huhu. To, tun zuwanmu masu saye suke dawo mini da goro mai rami. Ban gaya wa kowa ba, amma na fara tunanin sanda da ɗan jagora.

"Inna," in ji ɗana, idonsa a ƙasa, "ki huta haka nan. Ido ya gaji."

"Idon wa? Wanda ya hango ka da sigari bayan tasha?"

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba faɗa ba ne. Ki bar wa yarinyar nan surukarki faifan."

Kafin in ba ta amsa, kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Surukata ta lalubo tsohuwar fitilar ƙwai ta kunna, don ladabi ta ajiye ta gefen gwiwata, dab da faifan. Na duba. Ga ramin tsutsa nan, ƙarami kamar hujin allura. Na fid da goron. Na fid da wani, da wani.

Ashe fitilar sama a bayana take, inuwar kaina da ta mayafina ke rufe faifan. Ni ba na juya wa gabas baya, ita kuma ba ta saukowa.

Na tura wa ɗana ɓatattun gabansa. "Makauniya ce ta tsinto. Ci ɗaya."

Ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba, a zuci na yi hamdala.

Da safe na hana shi fita da mota sai da ya kawo mai gyaran wuta. Na tsaya a kansu, aka jawo waya, aka rataya ƙaramin ampul, ƙwan lantarki, gabana ta hagu, daidai tsayin kafaɗata in na zauna. Neyon kuwa na ce a bar wa baƙi.